Abin da faifan matasan nan ya koya mini

Na bar ƙaramin kamfanin waƙa da na yi wa aiki a Amurka jim kaɗan bayan fitowar faifan garmaho na wasu matasa huɗu masu kiɗan power pop, salon da ya dogara kan jita mai kaifi, da gajerun waƙoƙi, da muryoyi masu hawa kan juna wajen amshi. Waƙoƙi huɗu suka kawo mana, biyu nasu na kansu, biyu kuma tsofaffin waƙoƙin wasu ne da suka sake rerawa, burinsu kuwa shi ne su gan su a kan faifai mai inci 7, irin wanda RCA Victor ya fito da shi a 1949.

Duk wanda ya san aikin ya san cewa irin wannan faifai, idan yana juyi 45 a minti, gefe ɗaya ba ya ɗaukar fiye da minti huɗu da rabi ba tare da sauti ya raunana ba. Na ba da shawara a rage waƙa ɗaya daga cikin na aro, amma mai kamfanin ya ƙi, saboda a ganinsa tsofaffin waƙoƙin ne za su jawo masu saye. Ya sa aka mayar da faifan juyi 33, aka cusa duka huɗun, na aro a gefen farko, sannan waƙar da matasan suka fi ji da ita ta faɗa can ƙarshen gefe na biyu, kusa da tsakiya, inda allura ke bin gajeren zagaye kuma sauti mai tsini ke lalacewa.

Da faifan gwaji ya iso na saurare shi a ofis, na ji kugen mai ganga yana tsatsa, muryar mawaƙin kuma tana kakkarcewa duk inda ya ja amshi. Na faɗa wa mai kamfanin baki da baki. Ko ɗora allura bai yi ba ya sa hannu, yana cewa sake yanka, wato sake zana sautin a kan farantin asali, zai mayar da mu ƙarshen layin masu jiran a buga musu faifai. A nan yana da 'yar hujja, domin tun gobarar da ta cinye masana'antar Apollo Masters a Kalifoniya a Fabrairun 2020 farantan da ake fara yanka sauti a kansu suka yi wuya, kuma a lokacin ƙananan kamfanoni na jiran watanni kafin a buga musu faifai. Abin da ba shi da hujja shi ne abin da ya biyo baya: da matasan suka buɗe kwali suka ji waƙarsu, sai ya gaya musu, ina tsaye, cewa ni na saurari gwajin na amince. Mai jitar bai ce mini uffan ba, ya mayar da faifan cikin jakarsa a hankali, kuma har yau wannan shirun yana damuna fiye da zagi.

Tun daga nan duk ƙorafin da nake da shi kan faifan gwaji sai na rubuta shi da kwanan wata, na tura wa mawaƙan kwafi, ko da mai gida zai ga kamar na tsallake shi. Lasisin waƙar aro, wato kuɗin da ake biyan mai waƙar, a biya shi da wuri; a lokacin senti 9.1 ne kan kowace waƙa a kowane faifai, kuɗin da bai kai a yi jayayya a kansa ba. Waƙar da ta fi ƙarfin kiɗa a sa ta farkon gefe. Matasan sun koma wani kamfani, kuma da za su yanka faifansu na gaba, ni suka kira in zauna da mai yankan, aka fitar da shi da waƙa ɗaya a kowane gefe, juyi 45, duka biyun nasu.