Wasiƙa daga Upsala: aikin dasa tutoci a daji

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Da fatan damina ta yi albarka, an shiga girbi lafiya. Mu nan Suwidin sanyi ya fara sallama, ganye duk ya koma ruwan ɗorawa yana zuba.

Da yawanku kun ga hotona rungume da tutoci kun tambayi ko na mene ne. Na wani wasa ne da ake kira oriyantirin. Ana miƙa wa mutum taswira, ya riƙe kamfas ɗinsa, wato 'yar na'urar nuna arewa, ya shiga daji da gudu yana neman wuraren da aka zagaye da da'ira, ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gama da wuri shi ya ci. Daga horon soja ya samo asali a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a 1897 aka yi gasar farko ta farar hula a Norwe. Yanzu har a makarantun ƙasar nan ana koyar da shi. Ɗana ne ya shiga wata ƙungiya, aka nemi iyaye su kama, ni kuma aka ɗora min dasa tutoci a Stadsskogen, dajin shan iska da ke cikin garin.

Tutar fuska uku gare ta, kowace santimita 30 tsawo da faɗi, rabi fari rabi ruwan lemo. Ana rataya ta a jikin sandar ƙarfe, a samanta akwai 'yar na'ura mai rami. Mai gudu yana ɗaure da wani ɗan abu a yatsa, ya zura a ramin, na'urar ta yi ƙara, shaidar ya zo ke nan. Lambar kowace tuta daga 31 take farawa, don kada ta rikice da lissafin ta ɗaya, ta biyu, ta uku.

Kwanaki kafin gasa, wanda ya tsara hanyar yakan zaga ya ɗaura ɗan ƙyalle mai lamba a kowane wuri. Nawa aikin in zo da sassafe in nemo ƙyallen, in kafa tuta daidai wurin.

Ranar farko ban yi haka ba. Na fito bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, yatsuna sun sandare. Takardar bayani ta ce arewacin dutsen gabas. Na tarar da wani dutse mai kai min ƙugu, gansakuka ta lulluɓe shi, na ce ai shi ne, na caka sanda ban tsaya neman ƙyalle ba. Ashe akwai ɗan'uwansa kamar taku talatin gaba, bayan wasu ƙananan itatuwa. Can da hantsi na iske wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba tsaye a gindin dutsen na gaskiya, tana duban taswira tana duban ƙasa, hawaye na zuba. Ta karanta taswirarta daidai, ƙafarta ta kawo ta inda ya kamata, amma ta ɗauka ita ce ba ta iya ba. Wallahi har yau abin yana ci min rai. A babbar gasa, irin wannan kuskure kan sa a soke sakamakon rukuni guda.

Wata dattijuwa a ƙungiyar ta ja ni gefe, ba faɗa ba tsawa, ta ɗora yatsa a kan ɗigo biyu baƙaƙe na taswira, alamar duwatsun nan biyu, ta sa na ƙirga taku tsakaninsu da kaina. Ita ta koya min cewa fari a wannan taswira daji ne da ake iya gudu a ciki, kore sarƙaƙiya, ruwan ɗorawa kuma fili.

A sakandare mun sha karatun taswira saboda jarrabawar WAEC, mun ja layi mun auna da zare, amma ko sau ɗaya ba a fitar da mu mun taka ƙasar da ke kan takardar ba. Malamanmu na labarin ƙasa, don Allah ku gwada: zanen harabar makaranta da hannu, ƙyalle goma, ɗaya a gindin darbejiya, ɗaya bayan rijiya. Sai dai ku koma ku duba kowane ƙyalle sau biyu kafin ku saki yara.

Asabar mai zuwa tuta 18 ke jirana, na riga na sayi fitilar goshi. A gaida kowa da kowa.

Naku,
daga Upsala