Abin da dutsen Riruwai ya nuna min a ƙarƙashin maikuroskof

Masu karatun jiyoloji da za su yi firojet a kan dutsen giranait ɗin da ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa ya ratsa, don Allah kar ku ɗauko dutse ɗaya mai kyau ku ce kun gama. Nawa aikin a kan Riruwai na yi shi, can ƙaramar hukumar Doguwa a jihar Kano, inda jijiyar kuza, wato tsagar dutse da ma'adinai suka cike, ta miƙe gabas da yamma wajen kilomita 5 a cikin giranait mai bayotait, wani baƙin ma'adini mai ɓarewa falle-falle. Malamina ya ce in tsaya a tsakiyar jijiyar in riƙa ɗaukar samfur ina ja da baya har sai na kai dutsen da bai canja kala ba, in kuma rubuta nisan kowanne a jikin leda, wallahi wannan umarnin shi ya riƙe aikin gaba ɗaya.

Yanka silayid aiki ne na haƙuri, a manna dutse a gilashi a yi ta gogawa har kaurinsa ya dawo milimita 0.03, kuma kwaz, ma'adinin nan mai kama da gilashi, ake dubawa a gane an kai, in ka gicciya fola biyu, wato matatan haske na maikuroskof, ka ga yana ba da toka-toka zuwa fari to ya yi, in yana ja ko shuɗi da sauran guga.

Na fara da samfurin da ya fi nisa. Nan komai a natse yake, kwaz tas, felsifa, ma'adinin da ya fi yawa a giranait, mai zanen fatait, wato siraran layukan felsifa mai sodiyam a cikin mai fotasiyam, bayotait ruwan ƙasa yana canja kala in ka juya faifan da silayid yake kai, da ɗan baƙin zobe kewaye da ƙwayar wani ma'adini, zarkon, da ke cikinsa, wanda tururin yuraniyam da toriyam ya ƙona a hankali cikin miliyoyin shekaru. Sai da na daɗe a kan wannan silayid ɗin sosai, don in idonka bai san lafiyayyen dutse ba babu yadda za ka gane wanda aka taɓa.

Da na matso kusa da jijiya sai dutsen ya koma ja tun a hannu. A maikuroskof felsifar ta yi dishi-dishi da ƙurar hematait, jan ma'adinin ƙarfe, fatait ɗin nan ya ɓace, maikurokilin, wani nau'in felsifa mai fotasiyam, ya maye gurbinsa da zanensa na layi kan layi kamar saƙar tabarma. Ruwa mai fotasiyam ne ya bi ta wajen ya kori sodiyam. Gaba kaɗan kuma sai giraisin, wato giranait ɗin da ruwan ya mayar kwaz da maika, a nan ne na fi jin daɗin aikin gaskiya, felsifa ta tafi kusan duka amma wani wajen siffarta tana nan, sai ka ga kusurwar tsohuwar ƙwayar a tsaye alhali cikinta kwaz ne da ƙananan maika, dangin bayotait, cunkus suna walƙiya kala-kala. Akwai kuma ma'adinan tofaz da fulorait a cikinsa. Tofaz yana son ya yi kama da kwaz don kalarsu ɗaya in an gicciya fola, sai ka cire fola ta sama ka ga shi ya taso ɓaro-ɓaro da layin tsagewa, kwaz kuwa a kwance yake lif. Fulorait baƙi ƙirin yake zama duk yadda ka juya, wani lokaci da ɗigon shunayya a haske na kai tsaye. Tofaz da fulorait ɗin nan suna gaya maka ruwan ya ɗauko sinadarin fulorin da yawa, shi ne ma ya taimaka wajen jan kuzar. Ita kuzar, wato kasitarait, ba ta ɓuya, ruwan ƙasa mai duhu da haske zobe-zobe, gefenta baƙi mai kauri, wani lokaci tagwaye a lanƙwashe.

Lissafa sunayen ma'adinai kowa zai iya, inda aikin yake shi ne tambayar wa ya ci wa. In siririyar jijiyar kwaz ta yanka maika, kwaz ne ya zo daga baya. In koren ma'adinin kulorait ya bi layin tsagewar bayotait ya shiga ciki, to bayotait ne tsoho. Da haka na jera zuwan ruwan, na fotasiyam tukuna, sannan mai tsami da ya yi giraisin, kwaz ya zo ya cike tsagar. Kuma ku kula da samfurin saman ƙasa, damina ma tana ruɓar da felsifa ta koma farar ƙasa, ba kowane dishi-dishi ne aikin ruwan zafi ba, shi ya sa na fi yarda da duwatsun da na tsinta a tulin da masu haƙa suka fito da shi daga rami.

Abu ɗaya da zan roƙi ƙannena, ku zana abin da kuke gani da fensir ko da kun ɗauki hoto da waya, ku sa ma'auni a gefe. A wajen zane ne hannu yake tilasta maka ka bi iyakar kowace ƙwaya, nan ne za ka lura wacce ta shiga cikin wacce. In kuma kun samu kwaz mai tsabta ku ɗaga lens mafi ƙarfi ku nemi ƙananan ramuka masu kumfa a ciki, ragowar ruwan da ya yi wannan aikin ne tun zamanin Jurasik, miliyoyin shekaru da suka wuce, wasu kumfar har motsi take yi.