Gardamar Ali Daei ce ta kwance mini harshe a Tehran

Karatun injiniya ne ya kawo ni Tehran, kuma watannin farko sun yi mini nauyi. Sanyin da ke gangarowa daga tsaunukan Alborz ya fi ƙarfin rigunan da na taho da su daga Kano. Kuɗi a takarda riyal ne, a baki kuwa toman, sai ka cire sifili ɗaya kafin ka gane farashi. Farisancin aji ya ishe ni sayen burodin barbari da hawan metro, amma da an fara hira sai in koma ɗan kallo.

A shagon aski na unguwarmu abin ya sauya. Mai shagon dattijo ne ɗan Ardabil, garin da aka haifi shahararren ɗan ƙwallon Iran Ali Daei a 1969, kuma hoton Daei na manne a saman madubinsa. Da ya ji daga Nijeriya nake, sai ya tuno canjaras ɗin da muka yi da Iran a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ajiye almakashi, ya zuba mini shayi, ya ce, "Ɗana, zauna ka ji waye wannan."

Ya shiga lissafo mini tarihin Daei: ƙwallo huɗu a ragar Koriya ta Kudu a kofin Asiya na 1996. Wasa a kulob-kulob ɗin Jamus, Bielefeld, Bayern Munich, sannan Hertha Berlin, inda ya jefa wa Chelsea biyu a gasar zakarun Turai a 1999. Ƙwallaye sama da 100 a rigar ƙasarsa, tarihin da ba a karya ba sai da Cristiano Ronaldo ya zo a 2021. Duk da haka Daei ya yi digirin injiniya a Jami'ar Sharif, abin da dattijon ba ya mantawa ya nuna ni da tsinken tsefe idan ya zo kansa.

Akwai wani direban tasi mai goyon bayan Esteghlal, kulob ɗin Tehran da ke hamayya da Persepolis, da ba ya barin maganar ta wuce. A wurinsa, ƙwallayen da yawa a ragar irin su Maldives da Laos aka tara su, kuma a 2006 Daei ya ƙi sakin riga yana da shekara 37, ya tare wa yara hanya. Da batun horarwa ya zo, nan murya ke tashi. Dattijo ya ce Daei ya ci wa kulob ɗin Saipa gasar ƙasa a 2007 yana wasa yana horarwa, ya kawo wa Persepolis kofin Hazfi, wato kofin ƙalubale na Iran, a 2010 da 2011. Direba ya ce to, wa Saudiyya ta doke 2 da 1 a filin Azadi a Maris 2009, aka sallame shi daga tawagar ƙasa? Wa ya fi shi rigima da alƙalan wasa da shugabannin kulob? A cikin wannan cacar baki na fara sa baki, da guntun Farisancina, suna gyara mini ba tare da sun raina ni ba.

A 2022 kuma na ga wani abu daban. Bayan rasuwar Mahsa Amini, matashiyar da ta mutu a hannun 'yan sanda har zanga-zanga ta ɓarke, Daei ya fito ya nemi hukuma ta saurari jama'a maimakon murƙushe su, ya ƙi zuwa gasar cin kofin duniya ta Ƙatar. A Disamba aka rufe shagon gwal ɗinsa da gidan abincinsa, aka karkatar da jirgin da matarsa da 'yarsa ke ciki zuwa tsibirin Kish. Baƙo mai bizar karatu ba ya tsoma baki a nan, na yi shiru na saurara. Direban nan da kansa ya ce, "Koci dai ba koci ba ne, amma namiji ne."

Ni a ganina direban ya ɗan matsa masa: kofunan nan ba a tsince su a hanya ba, sai dai zafin zuciyarsa ya ɓata masa ayyuka da dama. Na faɗi haka a shagon, dattijo bai ji daɗi ba, direba ma bai gamsu ba, kuma a makon suka gayyace ni kallon wasan Persepolis da Esteghlal a gidan dattijon.