Fuskar manhaja da abin da ke bayanta

Shekara takwas ke nan ina riƙe da wani ƙaramin kamfani a bene ɗaya da ke kan titin Gidan Zoo a nan Kano, inda muke gina shafukan intanet da manhajojin waya ga 'yan kasuwa da makarantu masu zaman kansu da shagunan magani. Mu biyar ne: uku suna rubuta umarnin da ke tafiyar da manhaja, wata matashiya tana tsara fuskarta, wato launi da rubutu da inda kowane madanni zai zauna, ni kuma ina zirga-zirga tsakanin ofis da shagunan masu ba mu aiki. A farkon sana'ata na ɗauki tsara fuska tamkar fentin da ake yi wa gida bayan an gama gini, wanda idan kuɗi ya gaza ana iya tarewa ba tare da shi ba. Wani aiki da muka yi wa wani mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ne ya raba ni da wannan tunanin.

Alhajin yana da masu saro kaya a wurinsa daga Maiduguri da Yola har Maraɗi da Damagaram, kuma ya gaji da tura musu hotunan sababbin kaya ɗaya bayan ɗaya ta WhatsApp. Muka gina masa manhaja wadda mutum zai ga kaya a ciki, ya zaɓi yawan turmi ko dila, ya tura oda, kuma komai yana aiki yadda ya kamata. Ranar da na kai masa, ya sauke tabarau kan hanci, ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya shafa sama ya shafa ƙasa, sannan ya miƙo mini ita. Ya ce, "Malam, wannan abin da wuya yake, mutanena ba za su iya ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ina wahalar take?" Ya sake dubawa, amma bai iya ɗora yatsa a kan wuri ɗaya ba.

Na koma ofis na miƙa wa mai tsara mana fuska. Ta rage launuka zuwa uku, ta ƙara wa farashi girma, ta bar sarari tsakanin hoto da hoto, ta daidaita gefunan rubutu suka tsaya a layi guda. Abin da ke can ciki ba mu taɓa shi ba, dannawa huɗu ake yi kafin oda ta tafi, kuma huɗun nan ba su ragu ba. Bayan mako biyu na sake hawa shagonsa, bai gama shafa allon ba ya ce, "Yawwa, yanzu ka zo. Wannan ai ko yaron shagona zai iya, kuma ta fi waccan sauri." Saurinta bai ƙaru da ko daƙiƙa ɗaya ba, amma Alhaji ba ƙarya ya yi ba, abin da idonsa ya gaya masa ya faɗa.

Daga baya na gano cewa masana sun daɗe da auna wannan al'amari. A shekarar 1995 wasu masu bincike biyu na kamfanin Hitachi a Japan, Masaaki Kurosu da Kaori Kashimura, sun nuna wa mutane 252 fasali 26 daban-daban na allon na'urar cirar kuɗi, suka nemi su faɗi wanne ya fi kyan gani, wanne kuma suke ganin zai fi sauƙin aiki. Sai aka ga amsoshin biyu suna tafiya tare: wanda mutane suka ga ya fi kyau, shi suke ɗauka ya fi sauƙi. Wani malami a Isra'ila, Noam Tractinsky, ya yi zaton ɗabi'ar Japanawa ce ta son ƙawa ta jawo haka, ya maimaita gwajin a ƙasarsa a 1997, sai ya tarar alaƙar ta ma fi ƙarfi a can. A 2006 kuma Gitte Lindgaard da abokan aikinta a Jami'ar Carleton da ke Kanada suka nuna cewa kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa ya isa mutum ya yanke hukunci kan kyan shafin intanet, tun kafin ya karanta kalma ɗaya. Bahaushe ya riga ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ashe maganar ta shafi allon waya kamar yadda ta shafi zauren gida.

A Kano maganar tana da wani nauyi na musamman, domin yawancin abin da muke ginawa ya shafi kuɗi. Tun ƙarancin takardun naira da aka yi fama da shi a farkon 2023, mai shayi da mai kayan miya da ɗan adaidaita sahu duk sun koma karɓar turansifa, kuma idon mutane ya saba da tsabtar fuskar manhajoji irin su OPay da Moniepoint da PalmPay. Da wannan mudun suke auna aikinmu, ko da kamfanin ƙarami ne. Ga kuma tsoron 'yan damfara da ke zuciyar kowa. Shafin da rubutunsa ya hau kan juna, ko tambarinsa ya dushe, mutum ba zai tsaya ya ce masu aikin ne ba su ƙware ba, cewa zai yi tarko ne, ya rufe ya yi gaba.

Sai dai kyan da nake nufi ba ado ba ne, kuma a nan ne muke yawan ja-in-ja da masu ba mu aiki. Wani zai ce a sa hotonsa babba a sama, a zuba ruwan gwal a rubutu, a sa furanni suna motsi a gefe. Nakan roƙe shi mu fita bakin shago da wayar da tsakar rana. A hasken ranar Kano ta watan Afrilu, rubutu mai ruwan toka a kan farin fili ɓacewa yake yi gaba ɗaya, musamman a ƙananan wayoyin Itel da Tecno da aka rage wa haske don tattalin caji. Ƙa'idar duniya ta sauƙaƙa wa kowa karanta shafukan intanet ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da filin da ke bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, mu kuwa mukan wuce haka saboda ranarmu. Google ya ba da shawarar kada wurin dannawa ya gaza kusan milimita 9 a kowane gefe, kuma duk wanda ya ga babban yatsan ɗan dako a kasuwar Singa ya san wannan ba ɓata fili ba ne.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da harshenmu, wanda ke ci mini rai ƙwarai. Yawancin kyawawan salon rubutu da ake samu a intanet ba su da haruffanmu masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Idan aka yi sakaci, sai ka ga ɗan akwati babu komai a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito da wata siffa dabam kamar baƙo a cikin layi. Wasu sukan gudu daga matsalar su cire ƙugiyar, su bar mai karatu ya rarrabe tsakanin kafa da ƙafa da kansa. A ofishinmu kafin a zaɓi salon rubutu sai an fara gwada shi da waɗannan haruffan, manya da ƙanana, kuma jerin Noto na Google yana cikin waɗanda ba su ba mu kunya ba. Haka nan alamomi: layuka uku da ake ajiyewa a kusurwa don nuna jerin zaɓi, ko hoton keken sayayya na manyan kantunan Turai, ba kowa suke yi wa magana ba a nan. Muna rubuta kalmar a ƙarƙashin alamar, ko da mai zayyana yana ganin ta rage wa shafin tsaf.

Abin da ya fi ba ni tsoro a sana'ar shi ne ɗaya gefen wannan gaskiyar. Kyan fuska yana sa mutum ya yi haƙuri da ƙananan matsaloli, kuma wannan alheri ne, amma yana iya zama kyan ɗan maciji, ya rufe mana aibin da ya kamata mu gani. Mun taɓa gina wa wata makaranta shafin biyan kuɗin zango, ya yi kyau ƙwarai, duk wanda muka nuna wa sai ya ce masha Allah. Ranar gwaji na zauna kusa da wata uwa mai 'ya'ya uku a makarantar, na ba ta wayar. Ta rubuta lambar ɗanta, allon haruffa ya taso ya rufe madannin ci gaba, ta tsaya tana dubawa, ta koma baya, lambar ta goge, ta sake rubutawa. Sau uku tana yin haka. Da na tambaye ta yadda ta gani, sai ta gyara mayafi ta ce, "Wallahi ya yi kyau, ɗana, ni ce dai ban iya waya ba." Wannan maganar ba ta bar raina ba har yau. Laifin namu ne ɗungurum, amma kyan shafin ya sa ta ɗora wa kanta. Da shafin mummuna ne, da ta ce abin nan bai da kyau, da mun gyara tun da wuri.

Tun daga ranar na daina tambayar mutane ko abu ya yi kyau, domin ga ruɗin ido ga kuma kunya da kara irin tamu, ba wanda zai kushe maka aiki a gaban idonka. Yanzu aiki nake ba mutum: ga waya, ka sayi turmi biyu na wannan atamfar, ko ki biya wa yaron nan kuɗin zango. Sannan in yi shiru in kalli yatsansa, inda ya tsaya, inda ya danna abin da ba madanni ba, inda ya ɗago kai yana neman taimako. Wani masanin sauƙin amfani da shafukan intanet, Jakob Nielsen, ya rubuta a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kacal yakan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, kuma wannan ya dace da aljihun kamfani irin namu. Gwajin farko ma a kan takarda muke yinsa, zanen fensir babu launi, domin a lokacin babu ƙawar da za ta kare mu, duk inda hanya ta toshe a fili za a gani. Sai hanya ta miƙe sannan mai tsara fuska ta shigo da launinta.

Wahalar ita ce shawo kan mai biya ya yarda da kuɗin wannan matakin, tunda ba abu ne da zai nuna wa abokansa a majalisa ba. Na koyi in riƙa gayyatar sa ya zauna a gefe ranar gwaji, bisa sharaɗin ba zai ce uffan ba. Wani mai shagon magani a Sabon Gari da ya yi ta cewa ɓata lokaci ne, da ya ga tsohon kwastomansa ya kasa gano inda ake tura hoton takardar likita, shi da kansa ya ce a ɗage ranar buɗe shafin.

A yanzu muna kan aikin wani dillalin hatsi na kasuwar Dawanau, wanda yawancin abokan cinikinsa sun fi sakewa da saƙon murya a kan rubutu. Zanen fensir ɗin yana kan teburina, shafi shida, kuma mun sa madannin ɗaukar murya a tsakiya, ƙasa, daidai inda babban yatsa ke sauka. Ranar Asabar da safe za mu kai shi rumfarsa, ya yi mini alkawarin mutum biyar daga cikin masu saye, har da wani dattijo da bai taɓa tura oda ta waya ba.