Ranar awo: batun raba yaro da bulumboti

Talata, Maradi.

Yau ranar awon yara ce a cibiyar lafiya ta unguwarmu, tun kafin hantsi rumfa ta cika da masu goyo. Bazara ta kankama, zafi ya haura digiri 40, kuma kusan duk jakar da aka buɗe don ciro katin awo sai na hango bulumboti a ciki, wani da sauran madarar asuba. Don haka da aka gama awo muka zauna kan batun.

Wadda ta tayar da maganar wata ƴar kasuwa ce daga Zariya mai ɗa ɗan wata 20. Ta ɗaga leɓensa ta ce, "Malama, dubi haƙoran nan, ko tsutsa ce?" Haƙoran gaba huɗu na sama sun yi fari-fari kamar alli a gindin dasashi, biyu har sun soma yin ruwan ƙasa, na ƙasa kuwa lafiya lau. Da ganin wannan an san bulumbotin dare ne. Idan yaro ya yi barci da robar a baki, miyau yana raguwa, madarar ta kwanta a kan haƙoran sama har gari ya waye, harshe kuma ya rufe na ƙasa ya kare su. In an zuba sukari, ko madarar gwangwani mai zaƙi ce, ɓarnar ta fi sauri. Farin tabon ana iya tsayar da shi da goge baki. Wanda ya riga ya zama rami sai likitan haƙori.

Lokacin da ya dace an san shi. Daga wata 6, sa'ad da yaro ya fara cin abinci bayan nono, ake soma nuna masa kofi, a kuma gama da bulumboti tsakanin wata 12 da 18. Nonon uwa ba ya cikin wannan lissafi, shi ana ci gaba da ba da shi har shekara 2 ko fiye, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, kuma daidai da abin da addini ya koya mana. Na nanata wannan saboda wasu suna haɗa yaye biyu a rana ɗaya, su ɗauke nono su ɗauke bulumboti su kai yaro gidan kaka. Yaron da aka yi wa haka a wannan zafi, sau da yawa a awo na gaba sai a ga ya rame.

Kofin da ake so ƙarami ne, marar murfi, mai siririn baki, wanda hannun yaro zai iya zagayewa, na roba mai tauri ko na silba. Moɗar randa ta yi girma, rabin ruwan a riga zai ƙare. Kofin shayi na gilashi girmansa ya yi daidai, sai dai yana fashewa. Akwai kuma kofunan kanti masu murfi da hanci waɗanda ko an kife su ba sa zuba. Iyaye suna son su don tabarma ba ta jiƙewa, ni kam ba na ba da shawararsu. Sai yaro ya tsotsa kafin ruwa ya fito, ke nan bai koyi kurɓa ba, ga datti yana maƙalewa a cikin ƴar robar da ke hana zubar.

Mun gwada a nan take da wata yarinya ƴar wata 14. A zaunar da ita a cinya, bayanta a miƙe. A zuba ruwa kaɗan, mililita 20 zuwa 30, kimanin cokalin miya biyu. A ɗora bakin kofin a kan leɓen ƙasa, a karkata har ruwan ya taɓa leɓe, sannan a tsaya, ita za ta ja da kanta. Kurɓa biyu, a janye kofin ta numfasa. Za ta yi tari, za ta zubar, za ta cusa hannu a ciki, duk cikin koyo ne. Wata tsohuwa da ta rako jikarta ta ce su a da ɗura suke yi, a kwantar da yaro a toshe hanci a zuba. Na ce, "Inna, a yi haƙuri a bar wannan." Yaro mai kuka a kwance yana iya shaƙar kunu ya gangara huhu, daga nan sai ciwon haƙarƙari, kuma ko ya tsira zai tsani kofin.

Cirewar bi-da-bi ake yi. A fara da bulumbotin tsakar rana, shi ne wanda yaro bai damu da shi sosai ba, a maye gurbinsa da abinci da madara a kofi. A ba shi kwana uku zuwa biyar ya saba, sannan a taɓa na safe. Na dare shi ne aikin, don ba yunwa ke sa yaro nemansa ba, da shi ya saba yin barci. Idan mililita 180 yake sha, a rage 30 duk bayan kwana biyu ko uku: 150, 120, 90, har ya zama ɗan ruwa zalla. A lokaci guda a dawo da madarar gaba, ya sha a kofi bayan magariba, a goge masa haƙora da man goge baki gwargwadon ƙwayar shinkafa, sannan goyo ko jijjiga har barci ya ɗauke shi. Daren farko da na biyu za a sha kuka. A nan ake yawan faɗuwa: maigida ya ce a ba shi mu samu mu yi barci, ko kaka ta ɗauko wanda aka ɓoye. Idan aka mayar bayan dogon kuka, yaro ya gane cewa dogon kuka yana biya, gobe sai ya ƙara. Shi ya sa nake cewa a sanar da duk gidan kafin a fara, har da mai raino. Kada kuma a fara ana tsakiyar zazzaɓi, gudawa, tafiya, ko makon da aka yi masa ƙani.

Tambayar da ta fi yawa ita ce, "To in ya ƙi shan madara da yawa a kofi fa?" Zai rage, kuma hakan ake so. Yaron da ya wuce shekara, kimanin rabin lita a yini ya ishe shi. Wanda ke shan lita guda cikinsa ba ya da wurin tuwo, ga madara ba ta da sinadarin ƙarfe sosai, sai a ga yaro ɓul-ɓul amma tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari. Abin da aka rage a madara a cike shi da abinci sau uku zuwa huɗu a yini, kowane zama kusan kofi ɗaya na mililita 250, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Kunun gero mai kauri wanda ba ya zubowa daga cokali da sauri, a sa masa garin ƙuli-ƙuli ko gujiya da aka niƙa, wake, ƙwai, hanta, garin zogale. Masu yanka bakin robar bulumboti don kunu ya wuce sai sun tsinka shi da ruwa, cikin yaro ya cika, jiki bai samu komai ba. Mai jar akuya a gida ta yi sa'a, nonon akuyar ya yi, amma a tafasa shi tukuna. Shayi kada ya shiga kofin yaro, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe.

Da rana aka kawo wani ɗan wata 11 mai gudawa. Na murɗe wuyan bulumbotinsa, ga tsami, ga baƙi-baƙi a cikin zaren murfin inda soso ba ya kaiwa. A irin wannan zafi, ba firij, madarar da aka dama ba ta wuce awa 2, wadda yaro ya riga ya sa wa baki kuma a zubar da ragowarta. Kofi kuwa sabulu da ruwa mai tsabta sun ishe shi, kuma ido yana ganin ko'ina a cikinsa. Mun dama ruwan gishiri da sukari, fakiti ɗaya a lita ɗaya, uwar ta dinga ba shi da kofi da cokali, mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali. An haɗa mata da ƙwayar zinc ta miligiram 20, guda ɗaya kullum kwana 10 zuwa 14, nono kuma kada a tsayar. Na gaya mata in fitsari ya ɗauke, ko ido da maɗiga suka faɗa, ko ya kasa sha, ta dawo da shi ko da tsakar dare ne.

Mai ɗan wata 20 ta ce gobe za ta fara da na tsakar rana. Na rubuta mata a bayan kati ta dawo da shi awo bayan mako biyu mu ga ko nauyinsa ya tsaya, ta kuma kai shi a duba haƙoran nan biyu kafin su fara ciwo.