Ƙwai Huɗu a Cikin Sanyi: Yadda Muka Tsayar da Adadin da Za a Dasa Mini

Shekara tara da aurenmu ban taɓa yin ko ɓatan wata ba, sai daga baya gwaji ya nuna cewa hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifata sun toshe duka biyun. Kafin mu yarda da dashen ƙwai, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a saka shi a mahaifa, sai da maigidana ya je wajen malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa a unguwarmu ta Gwammaja, wanda ya tabbatar masa cewa babu laifi muddin ƙwan nawa ne, maniyyin nasa ne, kuma igiyar aure tana nan. Ya sayar da filinsa guda, na haɗa da kuɗin adashina, muka fara.

An ciro mini ƙwai 11 bayan allurai na kusan mako biyu, aka haɗa su da maniyyi a ɗakin gwaji, guda huɗu ne suka rayu har kwana biyar. Saboda cikina ya kumbura sakamakon alluran, likitar ta ce ba za ta dasa ko ɗaya a wannan watan ba, gara a daskarar da su har jikina ya huta. Ana ajiye su ne a cikin ruwan sinadarin naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, inda komai nasu yake tsayawa cik, ba girma ba lalacewa.

Da lokacin dashe ya matso sai tambayar da ta hana ni barci ta taso: guda nawa za a saka? A raina na riga na yanke cewa biyu, in da hali ma uku. Na gaji da gori a gidajen biki da suna, na gaji da jin ana cewa Allah ya kawo rabo cikin murya ta tausayi, kuma ina ganin idan na haifi Hassan da Hussaini lokaci guda na rama shekarun da suka wuce. Hajiya, mahaifiyar maigidana, wadda ita kaɗai muka sanar a danginsa, ta ce da ni, "Ke 'yar nan, tunda kuɗin nan an riga an kashe su, ki ce a zuba duka, wanda Allah ya nufa ya kama." Don ƙauna ta faɗa, kuma lissafin da ta yi shi ne nawa: kowane dashe kuɗinsa daban, magungunan shirya mahaifa ma kuɗi ne.

Likitar ba ta katse ni ba har na gama. Sannan ta ce da ni, "Hajiya, abin da muke nema shi ne ki fita da jariri mai lafiya a hannu, ke ma kina tsaye da ƙafafunki." Ta bayyana mana cewa shekaruna 33 lokacin da aka ciro ƙwan, kuma dukansu masu kyau ne, don haka idan aka saka biyu akwai yiwuwar su kama tare. Fiye da rabin tagwaye ana haihuwarsu ne kafin mako 37, kuma mai ɗauke da su ta fi fuskantar hawan jinin ciki wanda kan kai ga jijjiga, da ciwon sukari, da zubar jini bayan haihuwa, da haihuwa ta hanyar tiyata. Ta ƙara da cewa ko guda ɗaya aka dasa, wani lokaci yakan rabu biyu ya zama tagwaye masu kama ɗaya, ke nan mai saka biyu tana iya wayar gari da 'yan uku. Abin da ya fi tsaya mini shi ne cewa dasa ɗaya yanzu, sannan wani ɗaya daga baya idan na farko bai kama ba, damar da yake bayarwa ta samun haihuwa ta yi kusa da ta saka biyun lokaci guda, sai dai ya fi cin lokaci da kuɗi. Ta ce inda mace ta doshi arba'in, ko an yi mata dashe sau da yawa bai kama ba, akan duba batun biyu, amma ni ban shiga wannan sahun ba.

Na fito ban gamsu ba. Abin da ya sauya ni ziyara ce da na kai wa 'yar ƙanwar mahaifiyata, wadda ta haifi tagwaye bakwaini. Na leƙa ta gilashi na gan su a cikin kwalba, an zura wa kowanne siririn bututu ta hanci, ƙafar ɗaya ba ta fi babban yatsana ba, uwar kuma tana zaune a kan benci tana tatsar nono a ƙaramin kofi, ɗinkin cikinta bai warke ba. Mijinta yana ta kai da kawo neman kuɗin kowace rana. A daren muka yi istihara, da safe na ce wa maigidana, "Malam, a saka guda ɗaya."

Ranar dashe an ce in sha ruwa in riƙe fitsari don hoton mahaifa ya fito sosai. An nuna mini ƙwan a allo, ɗan ɗigo kamar ƙwayar gero, aka shigar da shi ta siririn bututu, cikin 'yan mintuna an gama, babu ko allurar barci. Bayan kwana goma sha biyu gwajin jini ya nuna bai kama ba.

A nan ne shawarar ta fi yi mini nauyi. Na yi kuka, na ce da an saka biyu da yanzu wani zance ake yi, Hajiya kuma ta yi shiru irin wanda ya fi magana ciwo. Da muka koma, likitar ta ce sau da yawa rashin kamawa daga halittar ƙwan kansa yake, kuma saka wani a gefensa ba zai gyara shi ba. Na fahimci cewa tsoron ƙarewar kuɗi da tsoron bakin mutane ne suke tura ni, alhali haɗarin cikin tagwaye yana nan yadda yake, bai ragu ba don na yi rashi sau ɗaya. Maigidana ya ce zai nemo kuɗin dashe na biyu ko da rance ne, kada in sa wannan a lissafina. Muka sake zaɓar guda ɗaya.

Wannan karon ya kama. Duk da cikin ɗa ɗaya ne, jinina ya hau a watan takwas har aka kwantar da ni kwana huɗu, kuma a kan gadon na yi ta tunanin yadda jikina zai kasance da biyu ne. Na haifi 'yata a mako na 38. Sauran ƙwai biyun suna nan a daskare, muna biyan kuɗin ajiyarsu duk shekara, kuma mun yi magana da likitar cewa idan na yaye ta za mu koma a dasa guda ɗaya.