Abin da Aiki da Masu Lambu Ya Koya Mini a Kan Taki da Feshi

A shekarun da na yi ina aikin malamin gona tare da masu noman rani a yankin Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga yake ciyar da tumatir da albasa da tattasai, na lura cewa asarar mai lambu ta fi zuwa daga rashin awo da rashin kiyaye lokaci, fiye da yadda take zuwa daga ƙarancin kayan aiki. Manomi yakan sayar da akuya ya sayi buhun taki, sannan ya zuba shi ta hanyar da shuka ba za ta ci moriyarsa yadda ya kamata ba.

Yuriya ce ta fi nuna mini hakan. Kashi 46 cikin ɗari na nauyinta sinadarin naitirojin ne, kuma idan aka watsa ta a saman ƙasa da tsakar rana aka tafi, wani kaso nata yakan bi iska kafin saiwa ta same shi. Wanda ya tona ɗan rami a ɗan nesa da gindin shuka, ya binne ta, ya bi da ban ruwa, ya fi wanda ya ninka yawanta ya watsa. Masu lambu suna son yuriya domin tana sa ganye ya yi kore shar cikin 'yan kwanaki, amma tumatirin da aka cika wa ita yakan yi ta ganye yana jinkirin fure, kuma jikinsa yakan yi laushin da ƙwari ke so. Kamfa, wadda lambobin 15-15-15 ko 20-10-10 da ke jikin buhunta suke nuna rabon naitirojin da fosfaras da fotasiyam, ita ce ta dace da lokacin dashe, yuriya kuma ta biyo baya a matsayin ƙari.

Abin da littafi bai nuna mini da kyau ba, sai da na gani da idona, shi ne cewa takin zamani shuka yake ciyarwa, ba ya gyara jikin ƙasa. Fangalin da aka shekara da shekaru ana zuba masa takin buhu kaɗai yakan daskare, ruwa ya kwanta a kansa ko ya zarce ƙasa da sauri idan jigawa ce. Wanda ke samun kashin shanu ko na kaji ko ruɓaɓɓen ganye kuwa, idan ka damƙi ƙasarsa za ka ji ta da danshi, tana marmashewa a hannu. Sai dai shi ma takin gida yana da sharaɗi, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwar dashe, dole a tara shi, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa har zafinsa ya fita. Kanawa sun daɗe suna ɗaukar shara daga birni a kan jakuna zuwa gonaki, kuma dabara ce mai kyau, amma sharar yau cike take da leda da matattun batura da fasassun kwalabe, saboda haka ban yarda a kai ta lambun latas ba tare da an tsince ta ba.

A ɓangaren maganin ƙwari, shekarar 2016 ta koya wa kowa darasi, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka yake, kuma tsutsarsa tana shiga cikin ganye ne ta ɓuya, inda feshin da ke sauka a waje ba ya kai mata. Mutane suka riƙa ƙara yawan magani a cikin goyon feshi, suna cewa wai an rage masa ƙarfi, alhali ƙwaron ne ya saba da shi. Wasu sun canza kwalba suna zaton sun canza magani, ba su san cewa sunan kamfani ne ya bambanta ba, sinadarin da aka rubuta da ƙananan haruffa a ƙasan kwalbar ɗaya ne. Waɗanda suka rage asara su ne masu duba bayan ganye tun sawun tsutsa yana siriri, masu tsince ganyen da ya kamu su binne, masu sauya nau'in sinadari daga feshi zuwa feshi. Ruwan dakakken ƙwallon dogon yaro ma yana taimakawa idan an fara shi da wuri, ko da yake ba ya ceto gonar da ta riga ta lalace.

Abin da har yanzu nake fama da shi shi ne kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka, waɗanda ke rubuce a jikin kowace kwalba ta gaskiya. Idan dillali ya iso da mota, farashin kwando kuma ya yi sama, da wuya mai lambu ya haƙura, ko da jiya ya yi feshi. Na fi samun nasara a inda na roƙe su su juya tsarin, su fara tsinke nunannun 'ya'yan, sannan su yi feshin da yamma, lokacin da iska ta kwanta kuma ƙudan zuma sun bar fure.